Ciwon gawut: tambayoyinku da amsoshin likita

Likita, wai gawut shi ne sanyin ƙashi? (Mai karatu daga Gusau)

A'a, Malam. Gawut yana zuwa ne idan sinadarin yurik asid ya yi yawa a jini har ya daskare cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Yawanci babban yatsan ƙafa yake fara kamawa, cikin dare: ya kumbura, ya ɗau zafi, ko mayafi ya taɓa shi sai ka yi ihu. Babu ruwansa da wanka da ruwan sanyi ko kwana a siminti.

An ce in daina cin wake da alayyafo. Gaskiya ne? (Wata uwa daga Maraɗi)

Ci abinki, Hajiya, ba su ne matsalar ba. Abin da za ki rage shi ne kayan ciki, musamman hanta da ƙoda, da yawan jan nama, da kifin gwangwani na sadin, da lemon kwalba mai sukari. Kindirmo marar maiƙo kuma marar sukari ma taimako yake yi.

Bayan Babbar Sallah yatsana ya kumbura, na kasa sa takalmi. Mai kemis ya haɗa mini ƙwayoyi biyar a leda, ciwon ya tafi. Yanzu wata takwas ke nan ina sha duk sanda ya motsa, fuskata har ta ciko. Yayana ya ce in je a yi mini tsaga a fitar da mataccen jini. (Direba daga Kano)

Wannan tambaya ta fi duk sauran tayar mini da hankali. Malam, cikowar fuskar nan ba ƙiba ba ce, kuma ba alamar samun lafiya ba ce. Irin wannan haɗi yakan ƙunshi dexamethasone ko prednisolone, tare da magungunan kashe zafi biyu ko uku, irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, waɗanda duk aiki ɗaya suke yi kuma ba a haɗa su. Na farkon su ne ke kumbura fuska, su ɗaga sukari da hawan jini, su lalata ƙashi idan an daɗe a kansu. Na biyun kuma suna cin bangon ciki har ya yi gyambo, suna kuma taɓa ƙoda. Ga shi ƙodar ce ke fitar da mafi yawan yurik asid ta fitsari. Ka ga idan ta raunana, ciwon da kake gudu shi ne zai ƙaru.

Kada ka yanke haɗin nan yau da kanka. Wanda ya daɗe yana shan dexamethasone, a hankali ake janye masa shi, in ba haka ba jininsa na iya faɗuwa ya galabaita. Ka ɗauki ledar yadda take ka kai asibiti cikin makon nan, a ga abin da ke ciki, a auna ƙoda da sukari da yurik asid. Idan ka ga bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ka yi aman jini, ba jiran gobe.

Tsaga kuwa, don Allah a bari. Babu wani mataccen jini a wurin. Daskararren sinadarin yana can cikin gaɓa inda aska ba ta kaiwa, abin da kawai za a samu shi ne ƙofar da ƙwayar cuta za ta bi ta shiga. Mai ciwon suga da aka tsaga wa ƙafa, miki ɗaya na iya kai shi ga yanke ƙafa. Haka ƙaho ma a bar shi, haka jiƙon da ake zuba wa kanwa ba ma'auni.

Idan ciwon ya tashi, ga abin yi: ɗaga ƙafar, naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 20, sau uku ko huɗu a rana, ka sha ruwa sosai. Likita zai zaɓa maka magani ɗaya gwargwadon lafiyar ƙodarka da cikinka: colchicine 0.5 mg sau biyu ko uku a rana, ko naproxen, ko prednisolone na kamar kwana 5 kawai. An fi cin moriyarsu idan an fara a ranar farko. Amma idan kumburin ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi, ka tafi asibiti a ranar, domin gaɓar da ta yi mugunya kamanninsu ɗaya da gawut, kuma tana lalacewa cikin 'yan kwanaki.

An ba ni allopurinol, sati biyu da farawa ciwon ya tashi fiye da da, sai na ajiye. Bai karɓe ni ba ko? (Malamin makaranta daga Zariya)

Kuskuren da mutane da yawa ke yi ke nan. Allopurinol ba ya kashe zafi, aikinsa rage yurik asid. Idan ya fara narkar da abin da ya taru shekara da shekaru, ciwon kan motsa a watannin farko. Shi ya sa ake farawa da 100 mg a rana, ko ƙasa da haka ga mai matsalar ƙoda, a riƙa ƙarawa duk bayan sati 2 zuwa 4, a kuma haɗa da ɗan colchicine na wata 3 zuwa 6. Abin da ake nema shi ne awon jini ya sauka ƙasa da 6 mg/dL ya zauna a nan. Ba a daina shi don ciwo ya tashi, ba a daina shi don an ji sauƙi, galibi magani ne na tsawon rai. Rage nama shi kaɗai ba kasafai yake saukar da awon yadda ake so ba, don haka kada ka ce ƙauracewa tsire ta ishe ka.

Abu ɗaya ne zai sa ka ajiye shi nan take: ƙuraje a jiki, ko miki a baki da ido, ko zazzaɓi. Wannan kam ka dakata, ka nufi asibiti a ranar. In ba haka ba, koma wurin likitanka a sake farawa.

Tun da aka canza mini maganin hawan jini gawut ya dame ni. (Ɗan kasuwa daga Kumasi)

Duba kwalin, Alhaji. Masu sa yawan fitsari, irin su hydrochlorothiazide da furosemide, suna ɗaga yurik asid, losartan kuma yana ɗan rage shi. Ka gaya wa likitanka ya duba ko za a canza, amma kada ka daina sha da kanka.

Zan iya yin azumi? (Mai karatu daga Yola)

Yawancin masu gawut suna iyawa. Ƙishirwa ce ke tayar da shi, saboda haka ka sha ruwa kamar lita biyu tsakanin buɗa-baki da sahur, ka mayar da allopurinol ɗinka bayan shan ruwa, kada kuma ka buɗe baki da farfesun kayan ciki da lemon kwalba. Mai ciwon ƙoda ko tsakuwar ƙoda ya fara ganin likita kafin watan ya kama.