Amsar Gwaggo a kan 'yan kunne da cocin mai nemanki

'Yata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Saƙonki ya same ni tun ran Talata, sai da na kwana biyu ina juya shi a rai kafin na zauna amsawa. Kin ce yaron da ke nemanki ɗan cocin Apostolic Faith ne, kin bi shi sujada sau biyu, ba ki ga mace ko ɗaya da 'yan kunne ko sarƙa ko jan baki ba, shi kuma ya gaya miki ko zoben aure ba sa sawa. Kina tambaya ko al'adar Yarbawa ce aka mayar addini, ko kuwa tana cikin Littafi, kuma ko ki cire naki kawai a wuce wurin.

Ba al'adar Yarbawa ba ce. Ke ma kin san yadda Bayarbiya take cika wuyanta da gwal da murjani ran biki. Abin ya taso daga nesa, kuma 'yan kunnen nan ganye ne kawai. Ina so ki ga saiwar kafin ki yanke shawara.

Saiwar tana Ingila, wurin John Wesley, uban ɗariƙar Metodis, wanda ya rasu a 1791. Shi ya koyar cewa bayan mutum ya tuba an gafarta masa, akwai sauran tushen zunubi a zuciya, kuma Allah yana iya yin aiki na biyu ya tsarkake zuciyar, ya cika ta da ƙauna. Tun a lokacin ya hana mabiyansa sa zinariya da tufafi masu tsada, ɗaya daga dalilansa kuwa shi ne kuɗin nan ya fi dacewa da cikin matalauta. Da koyarwar ta haye Amurka, sai waɗansu suka ga Metodis sun yi arziki sun yi sanyi. Suka riƙa fita daji suna kafa tantuna, suna kwanaki cikin addu'a da wa'azin tsarki, har suka kafa ƙungiyar irin waɗannan tarurruka a 1867. Da yawansu talakawa ne, manoma da 'yan ƙwadago, kuma tufafi marasa ado suka zama shaidar da suke gane juna da ita.

Daga cikin mutanen tsarkin nan ne ɗariƙar Fentikos ta ɓullo. A farkon 1901, a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Charles Parham da ke Topeka, wata ɗaliba, Agnes Ozman, ta yi magana da waɗansu harsuna, Parham kuma ya ce wannan ita ce alamar baftismar Ruhu Mai Tsarki. Wani baƙar fata mai ido ɗaya, William Seymour, ɗan bayin da aka 'yanta, ya ji koyarwar a Houston. Saboda wariyar launin fata daga wajen aji yake zama yana saurare. Shi ne kuwa Allah ya yi amfani da shi a 1906, a wani tsohon gini mai lamba 312 a titin Azusa cikin Los Angeles, inda baƙi da farare suka durƙusa wuri ɗaya suna addu'a dare da rana. Duk sa'ad da na ba yara labarin mutumin nan a aji, lokacin ina koyarwa, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Cikin masu aiki tare da Seymour akwai wata mace, Florence Crawford. Ita ce ta nufi Portland a jihar Oregon, ta kafa cocin Apostolic Faith a can a 1907, ta riƙe ta har rasuwarta a 1936, sannan ɗanta Raymond ya gaje ta. Ki lura, mace ce ta kafa cocin da kike tsoron zai danne ki. Aikinsu babba shi ne buga takardun bishara suna aikawa duniya kyauta. Irin takardun ne suka faɗo hannun Timothy Oshokoya a ƙasar Yarbawa, ya soma aikin a Najeriya a 1944. Yanzu babbar cibiyarsu tana Anthony Village a Legas, suna da filin taro a Igbesa ta jihar Ogun, inda suka buɗe Jami'ar Crawford a 2005. Deeper Life ma da kika sani daga gidan nan ta fito. Fasto Kumuyi ɗan Apostolic Faith ne sa'ad da ya fara nazarin Littafi da mutum 15 a Jami'ar Legas a 1973, daga baya suka rabu. Shi ya sa kike ganin shigarsu ta yi kama.

To, ga abin da suka gaskata. A wurinsu matakai uku ne, kowanne da ranarsa da mutum zai iya ba da shaida a kai. Na farko ceto, na biyu tsarkakewa, na uku baftismar Ruhu da harsuna. Ki ɗauka kamar sharar gona: ceto shi ne sare itacen, tsarkakewa ita ce tumɓuke kututturen don kada ya sake toho da damina. Sai an wanke tulu ake zuba masa ruwan sha, don haka suka ce Ruhu ba ya cika zuciyar da ba a tsarkake ba. Ba duk 'yan Fentikos suka yarda da wannan ba. Tun 1910 wani mai wa'azi a Chicago, William Durham, ya ce aikin Almasihu a gicciye ya gama komai, babu wani aiki na biyu da za a jira, kuma Assemblies of God da aka kafa a 1914 ta fi bin wannan layin. Mu kuwa a cocinmu na ECWA an koya mana tsarkakewa tafiya ce ta dukan rai, kullum ana girma, ba a gamawa sai an ga Ubangiji. Nan ne ainihin bambancinki da yaron nan yake, ya fi ƙarfin kunne.

Maganar ado suna kafa ta da 1 Timoti 2:9 da 1 Bitrus 3:3-4, inda aka ce kada adon mace ya zama na kitso da zinariya da tufafi masu tsada. Suna kuma kawo Farawa 35, inda gidan Yakubu suka ba shi gumakansu da zobban kunnensu ya binne. Ni a karatuna, manzannin suna nuna mana inda ya kamata kyan mace ya zauna ne, ba doka suke kafawa a kan ƙarfe ba. Ai bawan Ibrahim ya sa wa Rifkatu zobe da mundaye a bakin rijiya, uban ɗan nan ɓatacce na misalin Yesu kuma ya ce a sa masa zobe a hannu. Shekara arba'in ke nan ina Zumuntar Mata da 'yan kunnena, lamirina bai taɓa kai ƙarata a kansu ba. Amma kada ki ce mutanen nan ba su da hujja. Suna da ita, kuma suna biyan kuɗinta da jikinsu.

Abin da ya sa nake ganin girmansu wani abu ne dabam, koyarwarsu ta mayar da haƙƙi. Sun ce wanda ya tuba, dole ya koma ya gyara abin da ya ɓata, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi a Luka 19. Bayan rasuwar mijina da kusan shekara shida, wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidan nan da tsakar rana. Ya ce ya taɓa karɓar buhun masara biyu a hannun marigayi ya musanta, yanzu ya tuba a cocin nan, ya kasa barci. Ya ajiye kuɗin a kan tabarma a farashin ranar, ya durƙusa yana neman gafara. Ni ban ma san da bashin ba. Tun daga ranar ban ƙara barin a yi musu ba'a a gabana ba. Haka kuma ba sa zagayawa da kwanon baiko a sujada, akwati ne a ajiye, mai bayarwa ya saka tsakaninsa da Allah. Suna wanke wa juna ƙafa bisa Yahaya 13. Kiɗansu da waƙarsu kuwa kin ji da kunnenki.

Sai mulki, kuma nan nake so ki buɗe ido. Mu mun saba ikilisiya ta zaɓi dattawanta, wakilai su taru daga gundumomi su zaɓi shugabanni a Jos, wa'adi ya cika a sake zaɓe. Su nasu daga sama yake saukowa: babban shugaba da kwamitin amintattu a Portland, shugaban yankin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a Legas, daga nan zuwa masu kula da jihohi da fastocin rassa, waɗanda naɗa su ake yi. Wannan tsari ya riƙe musu koyarwa iri ɗaya fiye da shekara ɗari, amma yana nufin maganar fasto tana da nauyi a cikin gida fiye da yadda kika saba. A wurinsu kuma aure sai mutuwa, babu sake aure muddin ɗayan yana da rai.

Saboda haka ki zaunar da shi ki tambaye shi a fili. Wa zai ba da izinin auren nan, kuma me ake so ki fara zama kafin a bayar? In haihuwa ta zo da gardama, ko yaro ya kwanta da zazzaɓi, asibiti za a je ko addu'a kaɗai? Sun gaskata da warkarwa ta wurin addu'a, mu ma haka, amma ina so ki ji amsarsa daga bakinsa tun yanzu. In 'yarku ta zo hutu wurin kakanninta aka yi mata lalle da Kirsimeti, me zai ce? In kin yi shekara kina neman tsarkakewar nan ba ki samu abin da za ki tsaya ki shaida ba, zai jira, ko zai matsa miki ki faɗi abin da bai faru ba?

Wannan na ƙarshe ya fi damuna. In kin karanta, kin yi addu'a, zuciyarki ta gamsu cewa hanyarsu ce gaskiya, ki cire 'yan kunnen, ni da kaina zan tsaya miki a gaban babanki. In kuwa don kada yaro ya kuɓuce miki ne, ki bar su a kunnenki tukuna, don za ki shiga cikin mutanen da suke ɗaukar shaidar baki da muhimmanci ƙwarai, kuma ba na so ki fara zaman aure da shaidar da ba taki ba.

Ki zo da shi gida hutun Disamba, in ga idonsa, in yi masa tambayoyina. 'Yan kunnen kakarki na azurfa suna nan a ƙasan akwatina, naki ne ko kin sa ko ba ki sa ba. Ki gaishe mini da mamanki, ki ce mata maganin ƙafar ya iso.

Gwaggonki