Tambayoyin Masu Karatu: Fatar Dashe da Zafin Legas

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan dako ne a kasuwar Mile 12. Bara wutar fetur ta ƙone masa baya da hannun dama, aka ɗebi fata daga cinyarsa aka dasa. Ciwo ya warke, amma da rana ta take sai jiri ya kama shi, fuskarsa sharkaf da gumi, bayan kuma a bushe ƙayau. Ko aikin ne bai yi kyau ba? Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, ba laifin aikin ba ne, haka fatar dashe take. Ƙwayoyin da ke haɗa gumi can cikin fata suke zaune. Ƙuna mai zurfi tana kashe su, fatar da likita ke shaftarowa daga cinya kuwa ta sama-sama ce, kaurinta bai kai rabin milimita ba, ba ta zuwa da su. Shi ya sa cinyar ke ci gaba da gumi bayan ta warke, shi kuwa bayansa ya bushe. Ƙananan jijiyoyin jinin wurin ma ba sa buɗewa sosai don fitar da zafi, kuma shekaru kan wuce abin bai dawo ba.

Girman wurin shi ne magana. Tafin hannunsa har yatsu kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatarsa. Baya duka kashi 18, hannu ɗaya kashi 9. In duka aka dasa, fiye da rubu'in jikinsa ba ya gumi. Ga shi Legas ba Kano ba ce: gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe, iskar bakin teku kuwa cike take da danshi, don haka ragowar fatar ma tsiyaya kawai take yi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu abin ya fi tsanani.

Abin da ya fi aiki shi ne ya ara wa bayansa gumi. Ya riƙa yayyafa masa ruwa ko ya jiƙa riga ta auduga, sannan ya zauna inda iska ke kaɗawa ko gaban fanka. Kaya masu nauyi ya ɗauka da sassafe, ya nemi inuwa daga hantsi zuwa la'asar. Ya sha ruwa akai-akai. Ranar da gumi ya yi yawa, ya sha ORS, wato haɗin gishiri da sukari, fakiti ɗaya a ruwa lita 1. In ya daɗe bai yi aiki ba, ya koma sannu a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu, jiki yana sabawa da zafi.

Abu biyu kan shammaci mutane. Rigar matsi da ake ba masu tabo tana riƙe zafi, kuma maganin ƙaiƙayi irin Piriton yana iya rage gumi. Kada ya daina ko ɗaya da kansa, ya faɗa wa likitansa. Man kaɗanya kuwa ya shafa a wurin dashen, siriri, domin fatar ba ta yin maiƙonta.

In ya fara sambatu, ko amai, ko tangaɗi, ko zafin jikinsa ya kai digiri 40, a kwantar da shi a inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, a nufi asibiti nan take. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.