Filin Tambaya da Amsa: Da wane littafi zan fara koya wa yarana karatu a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Yarana biyu ne, babbar shekararta 6 ƙaramin 4, bana ni da babansu mun yanke mu riƙe su a gida in riƙa koyar da su da kaina saboda kuɗin makaranta ya fi ƙarfinmu, ta gwamnati kuma ta mana nisa. Ina da NCE amma ban taɓa koyar da ƙananan yara ba. Wata ƙawata ta turo min hoton wani saitin littattafai na Amurka wai shi ne ƙarshe, kuɗinsa ma da dala ne, wata kuma ta ce Jolly Phonics kawai zan nema. A gida Hausa zalla muke yi. Wallahi na rikice, da wanne zan fara? Daga Maman Hanifa, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Hanifa, Allah ya raya mana su. Toh ki ajiye dalar nan tukuna. Tunda kin ce Hausa zalla kuke yi a gida, shawarata ki fara koya wa Hanifa karatu da Hausa, Turanci ya biyo baya.

Dalili kuwa, rubutun Hausa na boko kusan yadda ake furta shi haka ake rubuta shi. Wasula 5 ne, a e i o u, yaro in ya riƙe su sai ki ɗauko baƙi ɗaya ki haɗa, ba be bi bo bu, ka ke ki ko ku, kafin ki ankara ya karanta "baba" da "kaka" da kansa, kuma ya san su waye baba da kaka, ba haddar aku yake yi ba. Turanci kuwa harafi ɗaya sai ya yi sauti biyu uku, ga shi yarinyar ba ta jin yaren, kinga kin ɗora mata kaya biyu lokaci guda, koyon haɗa baƙi da koyon sabon harshe. An gwada wannan a ƙasar nan fa, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara wani gwaji a Ife a 1970 inda aka koyar da yara da Yarbanci duk shekara 6 na firamare, Turanci yana matsayin darasi ɗaya, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin ma.

Littattafan kuma muna da su. Akwai Mu Karanta da aka yi wa 'yan aji 1 zuwa 3 a Bauchi da Sokoto, akwai na shirin RANA da UNICEF ta kawo Katsina da Zamfara, duka an jera su ne daga sauti zuwa gaɓa zuwa kalma zuwa ɗan gajeren labari, kuma akwai jagoran malami da ke gaya miki abin da za ki yi a kowane darasi, wanda ke da ba ki taɓa koyar da ƙanana ba shi kika fi buƙata. Ki tambayi malaman firamare da kika sani. In ba ki samu ba ai a Zariya kike, ki je kamfanin buga littattafai na NNPC (ba na man fetur ba), ki nemi Ka Koyi Karatu, tsoho ne amma har yau yana aiki. A intanet ma shafin African Storybook yana da labaran yara da Hausa kyauta. Kowanne kika ɗauka dai ki buɗe ki duba, yana koyar da ɓ ɗ ƙ da ts da sh daidai? Labarin da ke darasin an gina shi da baƙaƙen da yaro ya riga ya koya, ko an watso masa sababbi ne kawai?

Jolly Phonics ba laifi gare shi ba, daga Ingila yake, sauti 42 na Turanci yake koyarwa da waƙa da motsin hannu, yara suna sonsa. Amma ki bari sai Hanifa ta iya karanta ɗan labari da Hausa ba gargada. A nan za ki yi hattara da inda harsunan suka saɓa, c ɗinmu na "ci" ba shi ne c na Turanci ba, sannan rukunin farko nasu s a t i p n ne, p ɗin nan kuwa yaranmu suna cakuɗa shi da f, sai kin zauna a kansa sosai. Kafin lokacin ki riƙa yi musu Turancin baka kullum, gaisuwa, sunayen kayan gida, 'yan waƙoƙi, kunne ya saba.

Saitin Amurka ɗin ban san wanne ta turo miki ba, sai dai an rubuta irinsu ne don yaron da ya tashi da Turanci a bakinsa, wasu kuma kamar Abeka na makarantun Kirista ne da darussan addini a ciki, ya kamata ki sani kafin ki biya.

Shi ɗan shekara 4 kar ki matsa masa da biro da takarda dan Allah, abin yana damuna yadda ake sa yaro kwafar shafi guda yana kuka. Ki yi masa tatsuniya, gatanan gatananku, ki tsaya a tsakiya ki ce me kake gani Gizo zai yi, kacici-kacici, zane a ƙasa da tsinke. Ita babbar ma minti 20 zuwa 30 a zama ɗaya ya isa, musamman in tana zuwa Islamiyya da yamma.

Sannan ki nemi manhajar firamare ta NERDC, hukumar gwamnati da ke tsara manhajar makarantu, ki ajiye kusa, ki riƙa duba abin da 'yan ajinta suke yi, domin ranar da hali ya samu kuka mayar da su makaranta gwaji za a musu kafin a ba su aji, kuma jarrabawar shiga sakandare da Turanci za ta rubuta ta.