Amsa ga ƙanena mai son karatu a Firenze

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kana son karanta zanen gine-gine a Italiya, kana kuma tambaya ko farfaɗowar Turai da ake koya muku, wadda mutanen nan ke kira Rinascimento, ta bar abin gani da ido.

Ta bari, sai dai ka gaji da kallo. Kullum da safe ta gindin ƙubbar babban cocin birnin Firenze nake wucewa, wadda gwanin gini Brunelleschi ya fara a 1420 aka kammala a 1436. Jeren tubalin a karkace yake kamar ƙayar kifi, kowane layi na riƙe da ɗan'uwansa, har aka kai ƙololuwa ba a kafa katakon tallafi daga ƙasa ba. Sau ɗaya na hau. Matakala 463 ce, ta wani lungu tsakanin bangon ciki da na waje, sai ka manne da bango kafin mai saukowa ya wuce. Kwana biyu gwiwoyina suna ba ni labari.

Amma kada ka ɗauka basira ce ta faɗo musu daga sama. Kuɗi ne suka yi aiki. Ƙungiyar attajiran ulu ce ke kula da ginin cocin, gidan Medici kuwa 'yan banki ne masu ɗaukar nauyin masu zane da masana. Ilimin ma ba nasu ne kaɗai ba: Al-Ƙanun, littafin likitanci na Ibn Sina, da aka mayar Latin, an daɗe ana karantar da shi a jami'o'in Padua da Bologna. Ka nemi labarin Hasan al-Wazzan, matafiyi Musulmi wanda aka kamo aka miƙa wa Fafaroma Leo na 10, Fafaroman shi ma ɗan gidan Medici ne. Littafin Hasan da aka buga a Venis a 1550 ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau.

Gumakan da masu sassaƙa suka yi a birnin nan da yawa tsirara suke, a dandali ma, ka zo da shirinka.

Yanzu sai batun zama. Haya a nan tana cizo, domin 'yan yawon buɗe ido sun cinye ɗakuna. Ka nemi tallafin DSU, wato tallafin da hukuma ke ba ɗaliban jami'a, da wuri. Da ka sauka, kwana 8 na aiki gare ka ka miƙa takardun permesso, wato izinin zama, a gidan waya. Italiyanci kuwa ka fara tun kana gida, ko da kwas ɗin na Turanci ne, don mai gidan haya ba ruwanta da Turancinka.

Turo min sakamakonka in duba. Ka gaida Hajiya.