An kore ni kan zargin ƙaryar ciwo: in bari a yi mini takardar asibiti a Jos?

Wani ɗan Jos mai aikin kula da tsofaffi a Ingila ya rubuto mana. Shekararsa uku da 'yan watanni a kamfani ɗaya, kuma kamfanin ne ya tsaya masa a kan biza. Bayansa ya riƙe, likitansa na can ya ba shi takardar hutun jinya ta mako huɗu. A mako na biyu ya zo gida bikin ƙanwarsa bai sanar da wurin aiki ba. Aka sa hotunan ɗaurin aure a Facebook, wani abokin aiki ya kai wa manaja. Da ya koma aka yi gajeren zama da shi, washegari wasiƙar kora ta iso, an ce ya yi ƙaryar ciwo ya ci kuɗin jinya. Yayansa a Jos ya ce zai samo masa takardar asibiti da za a mayar da kwanan watanta baya, a rubuta cewa magani ya zo nema. Yana tambaya: ya karɓa? Ina kuma makomar bizarsa?

Ɗan'uwa, Allah ya sawwaƙe, ya ba ka lafiya. Kada ka karɓi takardar nan. Ka kira Yaya yau, ka gode masa don mun san tausayi ne ya sa shi, ka roƙe shi ya bar maganar.

A yanzu abin da ke hannun kamfani zato ne da aka ɗora a kan hoto. Ranar da ka miƙa takardar bogi, kai da kanka ka ba su shaidar rashin gaskiyar da ba su da ita, ka gudu gara ka faɗa gidan zago. Tantance ta ba wuya. Za su rubuta wa asibitin su nemi lambar katinka da ranar da aka buɗe maka fayil, su bincika sunan likitan a rajistar hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN, su gwada kwanan watan da ranar da jirginka ya sauka Abuja. Takarda mai hatimi wadda babu fayil a bayanta nan take take tonuwa. Daga nan ɗaukaka ƙararka ta mutu, kotu ba za ta ƙara yarda da bakinka ba, dokar zamba ta Birtaniya ta 2006 na iya hawa kanka, likitan da ya sa hannu a Jos kuma ka jefa lasisinsa cikin haɗari.

Kuma ba ka buƙatarta. Takardar jinya cewa take yi ba za ka iya aikinka ba, ba ta ce ka kwanta a ɗaki mako huɗu ba. Dokar Ingila ba ta hana mai hutun jinya tafiya ba. Abin da kan hana shi ne ƙa'idar kamfani, don haka ɗauko kwantiraginka da littafin ma'aikata ka duba ko an ce sai da izini.

Sai dai ka san ma'aunin da kotun ma'aikata take amfani da shi, don mutanenmu da yawa a nan suke kuskure. Tun shari'ar Burchell ta 1978, ba a neman kamfani ya tabbatar ka yi ƙarya. Abu uku ake tambaya: da gaske ya yi imanin ka yi, yana da dalili mai kama hankali, kuma ya yi binciken da ya dace kafin ya yanke. A shari'ar wani direban bas na Landan mai suna Ajaj wanda aka ɗauki bidiyonsa a ɓoye, kotun ɗaukaka ƙara ta ce zuzuta ciwo don a ƙi zuwa aiki rashin gaskiya ne da ya isa kora. To batun ba wasa ba ne. Amma a can likita ya kalli bidiyon ya ba da ra'ayi. Kai an yi haka? Nan ƙarfinka yake, a kan tambaya ta uku. An aiko maka da zargin a rubuce kafin zaman? An ba ka hotunan ka gani tun da wuri? An gaya maka kana da ikon zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago? An nemi rahoton likitanka, ko an tura ka wurin likitan lafiyar ma'aikata? Wanda ya yi binciken shi ne kuma ya yanke hukuncin? Yawancin waɗannan suna cikin ƙa'idojin hukumar sasanta rikicin aiki, Acas, kuma idan kamfani ya tsallake su ba dalili, kotu na iya ƙara har kashi 25 cikin 100 a kan diyya. Shekara ukun da ka yi sun ba ka damar shigar da ƙarar kora ba bisa adalci ba.

Ba za mu ɓoye maka inda kake da rauni ba. Za su ce: mai ciwon baya ya zauna sama da awa shida a jirgi daga Landan, sannan ya bi mota ta Keffi da Akwanga har Jos? Amsar da za ta tsaya ita ce ta likita, ba taka ba. Ka koma wurin likitan da ya ba ka hutun, ka gaya masa ka yi tafiyar, ka nemi ya rubuta bambancin zama a kujera da ɗaga baligi daga gado sau da yawa a yini. Sannan akwai tambaya biyu da suka fi wannan zafi: yaushe ka sayi tikitin, kuma ka taɓa neman hutu na waɗannan ranakun aka hana ka? In tikitin ya riga ciwon, ko an taɓa hana ka hutun, ka gaya wa mai ba ka shawara tun farko, kada ya ji a bakin kamfani. Rashin sanarwar kuwa ka amsa shi ƙarara. Laifi ne, amma irin wanda za ka iya cewa gargaɗi ya ishe shi. Daban yake da ƙaryar ciwo, kuma raba waɗannan biyun shi ne jigon wasiƙarka ta ɗaukaka ƙara.

Takardun can su ne ginshiƙi: bayanan likitanka, takardun magani, turawa wurin masu gashin ƙashi, duk saƙon da ka taɓa yi wa manaja kana kukan bayan, da littafin hatsari in a bakin aiki ya fara. Ka kuma rubuta wa kamfanin kana neman duk bayanan da suke riƙe da su a kanka. Doka ta ba su wata ɗaya.

Daga Jos, abin da ya faru kawai za a kawo. In da gaske ka ga likita, a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ne ko asibitin kuɗi, akwai kati da fayil. Ka rubuta wasiƙar izini da sa hannunka, haɗe da hoton shafin fasfo, Yaya ya kai sashen ajiye bayanai ya nemi rahoto. Rahoton ya ɗauki kwanan watan da aka rubuta shi, ya faɗi ranar da aka gan ka, da sunan likita da lambar rajistarsa da adireshin imel na asibiti. Wannan halal ne. Kada a wahalar da shi zuwa ma'aikatar harkokin waje a Abuja neman hatimi sai in an nema, don hatimin ba ya tabbatar da abin da ke ciki. In wurin mai ɗori ko wanzami ka je, ka faɗi hakan. In ba ka je ko'ina ba, ka ce biki ka zo. Hotunan kuma a bar su inda suke. An riga an kwafe su, gogewa sai ta zama kamar ɓoye shaida.

Yanzu lokaci. Duba wasiƙar korar, yawanci kwana biyar na aiki ake bayarwa don ɗaukaka ƙara a cikin kamfani. Aika a rubuce kafin ya cika, ko da takardu ba su haɗu ba, ka ce suna tafe. Don zuwa kotu, ka riƙe wata uku ban da kwana ɗaya daga ranar kora, kuma dole ka fara tuntuɓar Acas a cikin wannan wa'adin. Ɗaukaka ƙarar cikin gida ba ta tsayar da lissafin, kuma a jiran amsarta mutane da yawa suke rasa damarsu.

Biza tana da nata lissafin, ba ruwanta da ko an zalunce ka. Kamfani zai sanar da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya cikin kwana goma na aiki. Su kuma yawanci sukan rage izinin zamanka zuwa kwana 60 daga ranar da suka yanke, ko abin da ya rage a bizar in bai kai haka ba. In iyalinka a ƙarƙashinka suke, har da su. Don haka neman sabon kamfani mai lasisin tsayawa ya fara yau, kafaɗa da kafaɗa da ƙarar, ka shigar da sabuwar buƙata kafin wa'adin ya ƙare. Kada ka yi aikin hannu-da-hannu a wannan tsakanin. Kada kuma ka ce bari ka zo gida ka huce: tun 22 ga Yuli 2025 aka rufe ɗaukar masu aikin kula daga ƙasashen waje, fita ta fi komawa sauƙi. Shawarar biza ka neme ta wurin lauya ko mai ba da shawara mai rajista, ba wurin ɗan unguwa mai cewa ya san hanya ba. Ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice kyauta ce don farawa.

In kamfani ya ga bincikensa na da huji, yakan nemi sulhu. Yarjejeniyar ba ta ɗaure ka sai lauya ko wakili mai izini ya yi maka bayaninta. A halin da kake ciki, takardar shaidar aiki da aka amince da kalmominta ta fi maka ƙarin kuɗi amfani, don ita sabon kamfani zai nema kafin ya tsaya maka. Albashinka zuwa ranar kora da kuɗin hutun shekara da ba ka ci ba haƙƙinka ne ko da wane dalili aka kore ka, ka duba takardar albashin ƙarshe.

Mutanen gida kuma ka gaya musu gaskiya, musamman Hajiya da Yaya: aike zai tsaya wata biyu ko uku. Kuɗin da ke hannunka na haya ne, da kuɗin sabuwar biza, da na lauya.