Ciwo Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, an sanya mini ranar tiyatar rage ƙiba, kuma na ji ana cewa wasu sun fi wasu shan azaba bayan aikin. Su wane ne? — Wata baiwar Allah daga Kaduna

Amsa: Hajiya, galibi tun kafin a shiga ɗakin tiyata ake gane wanda ciwo zai fi damu. A sahun gaba akwai wanda dama yake fama da daɗaɗɗen ciwon baya ko na gwiwa, sai kuma wanda ya saba shan magunguna masu ƙarfi irin su tiramadol ko kodin, domin jikinsa ya riga ya saba, abin da zai kwantar wa wani da ciwo ba zai yi masa komai ba. A nan ne nake roƙon jama'a su daina ɓoye-ɓoye, domin wanda ya ce wa likitan da ke sa barci "ba na shan komai" alhali kullum sai ya haɗiyi ƙwaya, kansa ya cuta. Fargaba mai yawa da ciwon damuwa su ma suna ƙara zafin ciwo. Idan kuma kina minshari mai ƙarfi ko numfashinki yana ɗaukewa cikin barci, ki faɗa tun da wuri, saboda hakan zai sa a taƙaita miki magunguna irin su mofin waɗanda ke danne numfashi.

Tambaya: A ciki aka yi wa matata aiki, amma kafaɗa take kuka da ita. Ko an yi kuskure ne? — Wani magidanci daga Kano

Amsa: Malam, da wuya a ce kuskure ne. Ana yin aikin ta ƙananan ɓuloli, a hura iskar kabon domin likita ya ga ciki sosai, ragowar iskar ce ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, sai a ji zafin a kafaɗa. Yakan lafa cikin 'yan kwanaki, musamman idan tana ɗan tattaki. Amma idan ya haɗu da zazzaɓi, ko bugun zuciya ya haura 120 a minti ɗaya, a mayar da ita asibiti nan take, domin yana iya zama ɗinkin ne yake yoyo.

Tambaya: Wata takwas ke nan da aka haɗa mini ciki da hanji, yanzu saman cikina yana zafi, ina shan diklofenak. — Wani mai karatu daga Abuja

Amsa: Ka ajiye diklofenak ɗin nan yau. Shi da ibuprofen, da shan taba, da ƙwayar cutar H. pylori, suna cikin manyan abubuwan da ke haddasa gyambo daidai wurin da aka haɗa ciki da hanji. Akwai kuma tsakuwar matsarmama, wadda ramewa cikin sauri ke jawowa, ciwonta yakan taso a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, sau da yawa bayan an ci abu mai maiƙo. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sarƙewar hanji a ratar da irin wannan aikin ke bari, ciwon yana zuwa yana tafiya, wani lokaci da amai, har mutum ya ɗauka ba komai ba ne. Ka koma wurin likitan da ya yi maka aikin a wannan makon, a leƙa cikin da na'ura. Idan ciwon ya tsananta ko aman ya ƙi tsayawa, kada ka jira gari ya waye.