Boxer za ta kai ni gindin Dutsen Kamaru daga Yola?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni mutumin Yola ne, shekara 8 ina tuƙa babur amma ban taɓa wuce Jalingo ba. Ina so in ɗauki Boxer ɗina mai lamba 150 in bi ta Garwa da Ngaundare har gindin Dutsen Kamaru. Abokaina suna ta tsorata ni, wai ƙasar duwatsu masu aman wuta ce, ƙaramin mashin ba zai hau ba, kuma wuta na iya tashi ina kan hanya. Me za ka ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mashin ɗinka zai hau. Abokanka sun yi gaskiya a kan ƙasar, amma sun ajiye tsoronsu a inda bai dace ba.

Hanyar da ka zaɓa tana bin wani jerin duwatsu mai tsawon kusan kilomita 1,600, wanda ya faro daga tsibiran teku irin su Biyoko da Sawo Tome, ya ratso Kamaru, ya miƙo har tsaunukan Mandara da tudun Biu. Yawancinsu sun daɗe da mutuwa. Wanda ke raye sosai shi ne Dutsen Kamaru, mai tsayin fiye da mita 4,000. Ya yi aman wuta a 1999 da 2000, kuma a 1999 narkakken dutsen ya gangaro har ya datse titin bakin teku da ke yamma da Limbe. Amma irin wannan narkakken dutse a hankali yake tafiya, labarinsa yana riga shi isa gari. Ba shi ne zai kayar da kai ba.

Abin da nake ji maka tsoro gangara ce. Daga Garwa zuwa Ngaundare kusan kilomita 280 ne, kuma gab da ƙarshe za ka hau gangaren tudun Adamawa, daga ƙasa mai zafi zuwa sama da mita 1,000. A nan za ka ji mashin ya yi sanyi, domin iska ta ragu, inji kuwa yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Sauko da giya, ka bar shi ya yi kukansa, kada ka riƙa wasa da kuloci. Wannan duk mai sauƙi ne. Wahalar tana gaba, bayan Bafusam da Dshang, inda titi yake zubowa daga kusan mita 1,400 zuwa filin Sancu cikin 'yan kilomitoci, kwana bayan kwana, ga manyan motoci, ga hazo. Na san al'adar mutanenmu: da an ga gangara sai a kashe inji ko a saka firi don a tsimi mai. Don Allah kada ka yi haka a can. Birkin Boxer na ganga ne, idan ka danne shi minti goma ba hutu zai yi zafi, ka taka ka ji kamar ka taka katifa. Ka bar giya ta biyu ta riƙe maka mashin, ka riƙa taɓa birki kana saki, gaba da baya tare. Giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. In ka ji ƙaurin birki, nemi fili ka tsaya har ya huce, kuma kada ka watsa masa ruwa.

Sai ƙasar kanta. Tsakanin Ngaundare, Tibati, Banyo da Fumban akwai kwalta a wasu wurare, akwai jar ƙasa a wasu. Da rani ƙura ce mai laushi kamar gari, wadda take toshe matatar iska. A kan tudu kuwa, inda dama iska ta yi ƙaranci, toshewar tana sa kafireta ta ba da mai fiye da kima, filogi ya yi baƙi, mashin ya riƙa shaƙewa. Ka buɗe matatar kullum da yamma, ka tafi da filogi biyu. Inda akwai baƙar tsakuwar dutsen wuta, ka sani tana da kaifi kuma tana cin sarƙa idan ta haɗu da mai, saboda haka goge sarƙar kafin ka ɗiga mata sabo. Sa sababbin tayoyi tun daga gida, ka ɗauki tub na gaba da na baya, da faci da famfo. Da damina kuwa jar ƙasar nan sabulu ce. Ka tashi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ka riƙe rigar sanyi, don daren Ngaundare ba irin na Yola ba ne.

Akwai haɗari ɗaya na dutsen wuta da ya kamata ka sani, kuma ba wuta ba ce. A watan Agustan 1984 tafkin Monun, kusa da Fumbot da ke kan hanyarka, ya saki iskar kabon mai nauyi, ta kwanta a kwari ta kashe mutum 37, da yawansu a kan hanya suke. Ranar 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos ya yi irin haka, mutum fiye da 1,700 da shanu dubbai suka mutu. Daga 2001 aka fara saka bututun da ke fitar da iskar a hankali, haɗarin ya ragu ƙwarai. Duk da haka, ka je ka kalli irin waɗannan tafkuna da rana, amma kada ka shimfiɗa tabarmar kwana a kwarin da ke ƙasa da su.

Game da takardu, Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka inshorarka ta gida ba za ta yi maka aiki ba. Ka yanki ta can, ka karɓi takardar shigar da babur daga kwastan, ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara da takardun mallaka masu sunanka. Jandarmomi za su tambaya sau da yawa. Fulatancinka zai yi maka rana har Banyo, kuma da wuya ka sauka a babban gari ka rasa unguwar Hausawa da masallaci. In ka sayi man 'yan bumburutu, tace shi da ƙyalle.

Magana mafi nauyi na bar ta ƙarshe. Tun 2017 ana rikici da makamai a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru. Nyos da Bamenda suna cikin na farko, kada ka kusance su. Buweya da Limbe, wato gindin dutsen da kake nema, suna cikin na biyu, inda ake tilasta zaman gida ranar Litinin, kuma baƙo a kan babur yana jan ido. Idan ka isa Duwala, ajiye mashin a wurin maigidan da ya sauke ka, ka tambayi direbobin da suka dawo daga can a ranar. In sun ce lafiya, shiga motar haya ka je ka ga baƙin dutsen 1999 a bakin teku, ka dawo kafin magariba. In sun yi shiru ko sun ce ka dakata, juya ka hau tsaunin Manenguba kusa da Nkongsamba, bayan ka tambayi mutanen gari ta wane ɓangare ake hawa. Akwai tafkuna biyu a bakin tsohon dutsen, da Fulani suna kiwo a gefensu.